Saniyar Wakafin Bibi Hafeezan

Karnuka ne suka tono abin, ranar Litinin da hantsi, kwana na uku da Babbar Sallah. A bayan gonakin shinkafa na garin Rose Hall, gindin wani mangwaro, suka jawo kan saniya da ƙirginta daga rami. Kafin Sajan Nazmoon Edoo ta iso a babur ɗinta, duk wanda ke wurin ya gane saniyar. Ja ce mai farin goshi, ga tambarin wakafi a cinya. Dolly ce, uwar garken da marigayiya Bibi Hafeezan ta bari domin tsofaffin mata da marayu su riƙa shan madara.

An ma riga an kama mutum. Kurtun da ya fara zuwa ya duba kwaɗon shinge ya ga ba a fasa ba, ya shiga ɗakin makiyayi ya buɗe firji ya ga ɗanyen naman shanu, shi ke nan ya sa wa Kawu Aubrey Semple ankwa. Dattijo ne ɗan shekara sittin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki yana kiwon shanun nan. Mu nan ba mu da nawa wajen yanke wa mutum hukunci. Kafin azahar har an samu masu cewa dama su ba su taɓa yarda da shi ba, alhali da madarar da yake kai musu suka yi ƙashi.

Nazmoon na cikin waɗanda suka sha madarar. Tana 'yar shekara tara mahaifinta ya rasu, kuma kullum safiya Kawu Aubrey ne ke buga ƙararrawar kekensa a ƙofarsu. Yanzu ga shi a bayan kanta. Ranar Laraba da safe za a kai shi kotu, ranar Talata bayan la'asar kuma amintattun wakafin su uku za su zauna su kore shi daga ɗakin da ke filin. Ba shi da mata, ba shi da wani ɗakin a duniya.

A gindin mangwaron, Nazmoon ta kori 'yan kallo baya ta tsuguna. Taku uku daga inda aka binne ƙirgin akwai wani ɗan rami da aka rufe da ƙasa aka daddanna. Ta tona da sanda, ta ga daskararren jini. Ga alamar turaku biyu, ga inda ciyawa ta kwanta. Ta miƙe ta tsaya daidai inda wuyan saniyar ya kasance, ta ɗaga kai. Gabas ne, an ɗan karkata arewa, yadda sahun masallacinsu ke fuskanta. Can gefe ga tsohon bokiti da sauran ruwa a ciki. Gaba kaɗan kuma ganyen ayaba ne aka shimfiɗa wuri-wuri, duk sun yi baƙi da jini. Ta ƙirga su sau biyu, bakwai ne.

Ɓarayin shanu ta san su, ta sha bin sawunsu a laka. A tsaye suke sare dabba, su kwashe cinyoyi su bar sauran ga ungulu. Ba ta taɓa ganin wanda ya shayar da saniya ruwa kafin ya yanka ba, balle ya tsaya neman alƙibla.

Ta tarar da Kawu Aubrey zaune a kan siminti, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Kawu, jiya da safe ina kake?"

"Inda nake kowace Lahadi, 'yata. Coci. Na yi tatsa, na kai madara, na kulle shinge, na tafi ƙarfe takwas. Na dawo sha ɗaya da rabi ban ga Dolly ba. Na zaci ta tsallaka ne. Har duhu ya yi ina yawo ina kiranta."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Meiji, na Haji."

Meiji Kamaludeen shi ne limaminsu. Haji Ayube Juman kuwa shi ne shugaban amintattu, mai injin casar shinkafa, kuma shi ya tsaya wa Nazmoon waliyyi ranar aurenta.

"Naman da ke firjinka fa?"

"Daga gidan Haji. Kowace shekara matarsa na aiko min, ko da yake ni ba Musulmi ba ne. Na gaya wa yaron naku. Ya buga wa Haji waya a gabana, Haji ya ce sun raba wa mutane da yawa, bai tuna ba."

"Bai tuna ba?"

"Haka ya ce." Ya ɗago kai. "Wa ya yi tatsar yamma? In ba a tatse su ba nonon zai ƙulle. Ki sa wani ya je, don Allah."

Ta fita da sauri don kada ya ga idonta. Fastonsa ya tabbatar da zancen coci, ya ce Aubrey ne ma ya riƙe faifan baiko. Amma ta san wannan ba zai ishe ta ba, za a ce ya ba abokan sata mabuɗi ya tafi ya zauna a gaban fasto.

Wanda ya iya yanka da fiɗa haka a garin nan, sunan farko da ke zuwa baki shi ne Inshan mahauci. Ta same shi bayan shagonsa yana wasa wuƙa.

"Sajan! An zo kama ni ne ko an zo cin bashin hanta?"

"Jiya daga takwas zuwa sha ɗaya ina kake?"

"Gidan Baksh, shanu biyu. Daga can gidan malamin makaranta. Mutum talatin sun gan ni, har da surukarki, ta tsaya a kaina tana koya min sana'ata."

Ta nuna masa hoton ƙirgin a waya. Ya kawo fuska kusa, ya yi tsaki.

"Wannan fiɗa ce ko faɗa aka yi da saniyar? Dubi huda, ɗaya, biyu, biyar. In ni na yi wannan, ki kai ni kotu ba don sata ba, don zubar da mutuncin ubana. Yankan wuyan dai ya yi, hannun wanda ya saba ne. Fiɗar kuwa ta masu riƙe biro ce."

"Wa ya yi layya bana bai kira ka ba?"

"Ke ma kin taɓo inda ke min ciwo. Haji Ayube. Shekara ashirin ni ke kayar masa da sa. Bana ya ce surukansa biyu sun zo daga Toronto ta Kanada, suna so su yi da hannunsu su samu lada. Lada! Mutanen da nama a leda suka san shi."

"Ka ga san nasa?"

"Wa bai gani ba? Ranar Juma'a ya zagaya gari da shi a bayan mota, baƙin bijimi, doronsa kamar buhun shinkafa. Kowace shekara sai nasa ya fi na kowa, in ba haka ba ba ya barci."

Nazmoon ta mayar da wayar aljihu. Ta so a ce Inshan ya yi ƙarya, amma mutum talatin ɗin nan gaskiya ne, ta bi ta tambaya.

Talata da safe ta je gidan tsofaffin da wakafin ke ciyarwa. Nani Zabeeda, jikar Bibi Hafeezan, ita ke riƙe da kicin, kuma bakinta ba ya hutawa ko tana salla sai dai ta yi a zuci.

"Beti, 'yata, zauna ki ci gurasar roti. Kin rame. Wannan aikin naku na maza ne, na gaya wa uwarki."

"Nani, an kawo muku naman layya daga gidan Haji?"

"An kawo, Allah ya saka. Amma ki ji, awa huɗu yana kan wuta bai yi laushi ba. Haƙoran gidan nan duka in aka haɗa ba su kai na mutum ɗaya ba. Wai naman sa ne ɗan shekara uku. Ni za a gaya wa? Tun kafin a haifi Ayube nake dafa nama."

"Me kika gani?"

Tsohuwar ta buɗe firji ta ciro wani yanki ta dangwara a faranti.

"Dubi kitsen. Ruwan ɗorawa. San da aka ɗaure aka ba dusa kitsensa fari ne fat. Wannan tsohuwar saniya ce mai cin ciyawa, ta haihu ta sake haihuwa. Na ce ko an cuci Ayube ne a kasuwa, na yi shiru, kyauta ce."

Ba ta haɗa zancen da Dolly ba, Nazmoon kuma ba ta haɗa mata ba. Ta roƙi yankin ta naɗe a leda. A ofis ta ajiye shi kusa da wanda aka ɗauko daga firjin Kawu Aubrey, kitsen iri ɗaya ne.

Saura mabuɗi na biyu. Meiji Kamaludeen na zaune a barandar masallaci, takardar wakafin a cinyarsa, yana shirin zaman la'asar. Ranar Lahadi ya yini bin gidaje yana yi wa masu layya addu'a, ba a rasa shaidu. Mabuɗinsa kuwa sai da ya zazzage aljihun riguna uku kafin ya gano shi, ya yi tsatsa.

"Meiji, amintacce na iya taɓa saniyar wakafi?"

"Ko gashinta. Ga sharaɗin Bibi Hafeezan nan a rubuce: mace ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a kyauta da ita. Namiji kuwa sai mu uku mun yarda a zama ɗaya. Ranar da ta yi wakafin nan shanun suka fita daga hannunta, ba su kuma shiga hannun kowa ba. Na Allah ne. Mu masu gadi ne kawai, mu da Aubrey duk ɗaya, bambancin shi yana shan rana."

"In wani ya ɗauka da niyyar zai mayar da wata fa?"

"Wa ya ba shi? Mai ita bai ba shi ba."

"In ya yi layya da ita?"

Meiji ya cire tabarau. "Ya yanka nama dai. Layya sai da dabbar da ka mallaka. Nazmoon, ina kika dosa?"

"A kwanakin nan wani ya yi maka tambaya a kan dabba mai aibi?"

Ya dubi takardar, ya dubi titi.

"Ranar Sallah, muna sallamewa. Ya ja ni gefe ya ce wani ne ya aiko shi. Wai san mutumin ya zame a gadar katako wajen sauke shi daga mota, ƙafa ta karye. Na ce in ba ya iya taka ƙafar ya je mayanka da kansa, bai yi ba, sai a nemi wani."

"Wa ya tambaya?"

"Kin sani, tunda kika zo." Ya ninke takardar. "Shekara arba'in muna sahu ɗaya da shi. Innalillahi."

Ƙarfe biyu da rabi ta tsaya a ƙofar injin casar shinkafa. An rufe don hutun Sallah, ba kowa. Ta zagaya baya inda ake tara ƙaiƙayi. Tun kafin ta kai ga rumfar kwanon ta ji nishi. Ta leƙa ta tsagar ƙofa. Baƙin bijimin na kwance, ƙafar gaba a ɗaure da katako da tsumma, ta kumbura, ƙudaje sun rufe ta. Kwana huɗu ke nan yana wannan azaba, domin in aka kira mahauci ko likitan dabbobi asiri ya tonu.

Ta zauna a kan babur ɗinta ta kasa tayarwa. Mutumin nan ne ya riƙe hannunta ya miƙa ta ga mijinta, ya yi kuka kamar uba. Ta yi tunanin zuwa gidansa ta same shi shi kaɗai. Sai ta tuna yana da kwana biyu cur da zai iya buɗe baki, bai buɗe ba. Aka kira la'asar.

A ɗakin karatun masallaci suka zauna: Haji Ayube a tsakiya da farar jallabiya, Meiji a dama, amintacce na uku, wani tsohon malamin makaranta, a hagu da biro. Jama'a sun cika tagogi. Nani Zabeeda ta sa an kawo mata kujera har ciki.

Haji na cewa, "Abin baƙin ciki ne, amma amana amana ce. Ba za mu bar mutumin da ake tuhuma a filin..." sai ya ga Nazmoon a bakin ƙofa da kaki. "Beti, zaman amintattu ne."

"Tambaya uku ce, Haji, in tafi. Ranar Lahadi a ina ka yanka layyarka?"

"A... bayan gari. Gida ya cika da baƙi."

"Ƙirgin fa? Kowa ya kawo nasa masallaci, naka bai zo ba."

"Yaran sun lalata shi wajen fiɗa. Na zubar."

"To wane sa ne ke kwance a rumfar bayan injinka da karyayyar ƙafa?"

Biron malamin makaranta ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ya ɗauka ba.

Nazmoon ta juya ga Meiji, don ba ta iya kallon Haji.

"Wanda ya yanka Dolly ya shayar da ita ruwa, ya haƙa wa jininta rami, ya fuskantar da ita alƙibla, ya raba ta kaso bakwai. Layya aka yi, ba satar kasuwa ba. Kawu Aubrey bai san kaso bakwai ba, kuma yana coci. Inshan na gidan Baksh, fiɗar ma ba tasa ba ce. Ba a fasa kwaɗo ba, mabuɗi uku ne, naka yana aljihu yana tsatsa. San Haji ya karye ranar Asabar, kai ka ce masa bai halatta ba. Ranar Lahadi kuma aka raba nama daga gidansa, naman tsohuwar saniya. Shi aka kai wa Nani, shi aka kai wa Kawu Aubrey, da shi kuma aka kama shi."

Nani Zabeeda ta dafe ƙirji. "Dolly na dafa? Ayube! Saniyar kakata ka ba ni na dafa?"

Da Haji ya yi magana, muryar ba ta shugaba ba ce.

"Na zagaye yankin Corentyne kaf ranar Asabar, har Skeldon na je. Ba sauran sa ko ɗaya da ya isa layya. Kaso bakwai na ɗauka, da sunan ubana, da uwata, da surukaina da suka taso tun daga Kanada. Gari duka ya ga san nan. In ce musu me? Na ce ni ne shugaba, aro ne, bayan Sallah in sayo biyu in zuba a garken. Yaran ba su sani ba, sun zaci tawa ce. Wallahi ban yi nufin a taɓa Aubrey ba. Ban san matata ta aika masa naman ba."

"Da aka bugo maka waya fa?" in ji Nazmoon. "Ka san ta aika."

Haji ya sunkuyar da kai.

Meiji ya buɗe takardar wakafin, ya karanta sakin da ya ce amintaccen da ya ci amanar wakafi ya sauka nan take. Ya miƙa hannu. Haji ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin ya ajiye masa a tafi. Aka rubuta cewa zai biya saniya mai tatsa irin wadda ya yanka, a sanar da masu kaso bakwai cewa ba su yi layya ba bana, daga yau kuma ba amintaccen da zai riƙe mabuɗin shinge shi kaɗai. Sauran magana, Nazmoon ta ce, ta kotu ce. Ta aika a kira Inshan ya je ya hutar da san.

Kafin magariba aka buɗe wa Kawu Aubrey. Ya fito yana ɗingishi, simintin ya kama masa ƙugu. A kan bencin ofis Haji Ayube na zaune yana jiran a ɗauki bayaninsa, Meiji na gefensa. Yana ganin tsohon ya miƙe, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Aubrey, ka yafe min. Don Allah ka yafe min saniyar nan."

Kawu Aubrey ya dube shi.

"Saniyar ba tawa ba ce, Haji. Ku kuka koya min ta Allah ce, to ka je ku daidaita da Shi. Abin da ke nawa sunana ne. Shi kaɗai na tara a shekara talatin da ɗaya, ka ɗauka ka rufe kunyarka da shi." Ya zare hannunsa a hankali. "Ina so in yafe. Yau dai ba zan iya ba."

Ya juya ga Nazmoon. "'Yata, ba da babur za ki kai ni ba. A ƙafa za mu tafi, ta tsakiyar kasuwa, ke da kakinki a gefena. Waɗanda suka ga an tafi da ni da ankwa su ga na dawo."

Ta sa hularta ta riƙe masa hannu, suka fita titi.